Al-Amin: Tarihin Kalma Ɗaya Daga Makka Zuwa Zangonmu

  

'Yan'uwa, waɗanda suka halarci taron ƙungiya na bayan ƙaramar salla sun san abin da ya faru. Waɗanda ba su zo ba kuma na san labari ya iske su, don Zango ba ta riƙe magana. Wani saurayi ne ya miƙe, cikin ladabi kuwa, ya ce yana roƙon a riƙa karanta wa jama'a lissafin kuɗin kwanon rufin masallaci, me ya shigo, me ya fita. Dattijon da ke riƙe da kuɗin nan shekara da shekaru, wanda ni shaida ne ko sisin kwabo bai taɓa salwanta a hannunsa ba, sai ransa ya ɓaci. Ya ce in ba a yarda da shi ba a nemi wani. Sai wani daga cikin manya ya ce da saurayin, "Kai yaro, amintacce ba a tambayarsa lissafi." Aka tashi taro a haka.

Ni ban ce komai ba a ranar, saboda rai ya riga ya ɓaci, kuma duk bayanin da aka yi a irin wannan lokaci faɗa yake zama. Amma maganar nan ta tsaya mini a zuciya. Shin haka ne kuwa? Wane ne ma amintacce? Kalmar tana da tarihi mai tsawo, kuma ina ganin in muka bi sawunta za mu sami amsar da ba za ta wulaƙanta dattijo ba, ba kuma za ta rufe bakin yaro ba.

Ɗalibai, ku ɗauko allo. Haruffa uku ne: hamza, mim, nun. Daga cikinsu Larabawa suka fitar da amnu, wato kwanciyar hankali, kishiyar tsoro. Daga cikinsu amana ta fito, kishiyar ha'inci. Daga cikinsu kuma imani ya fito. Ragib ɗan Isfahan, mai littafin Mufradat, ya nuna cewa tushen su duka shi ne zuciya ta natsu, tsoro ya kau. Ita kuwa amin, a kan ma'aunin fa'il take, kuma masu ƙamus sun ce tana ɗaukar wanda aka amince wa, tana kuma ɗaukar wanda ya amince. Abin da ya fi buɗe mini ma'anarta shi ne Suratut Tin, inda aka siffanta garin Makka da wannan kalma. To gari ai ba ya karɓar ajiya, ba ya faɗin gaskiya ko ƙarya. An kira shi haka ne don wanda ya shige shi ba ya jin tsoro. Ke nan mutum amin shi ne wanda in dukiyarka, ko sirrinka, ko 'yarka tana hannunsa, sai ka kwanta ka yi barcinka har da minshari. Ma'aunin yana cikin zuciyar wancan da ya ba shi ajiya. Shi ya sa babu mai raɗa wa kansa wannan suna.

Hausa ta kama wannan ma'ana sarai. Muna cewa aminci muna nufin zaman lafiya, muna kuma cewa aminci muna nufin riƙon alkawari, kalma ɗaya. Aboki na ƙut da ƙut shi ne amini. In ka yarda sai ka ce na amince. Kuma ku lura da yadda Bahaushe ke ganin amana kamar wani abu da aka damƙa maka a tafin hannu: ko dai ka riƙe ta, ko ka ci ta. Sunayenmu ma cike suke da ita, Aminu, Lamin, Laminu. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno, wanda ya rasu a 1837, Shehu Laminu ake ce da shi. Abu biyu kawai zan gyara wa ɗalibai a nan. Sunan mahaifiyar Annabi (SAW) ana jan harafin farko ne, Aamina, ya bambanta da Amiina da ake jan na tsakiya, ko da yake tushen ɗaya ne. Sannan kalmar lamuni, wadda kunne ke ji kamar 'yar gidan ce, ba daga nan take ba. Daga damanu take, kuma Bahaushe ya saba mai da wannan harafi lam, kamar yadda darura ta zama lalura, alwudu'u ya zama alwala. Ku riƙe wannan bambanci na amana da lamuni, za mu bukace shi a gaba.

Larabawa sun san darajar riƙon ajiya tun kafin Musulunci. Masu tarihin adabi suna ba da labarin Samau'al ɗan Adiya, Bayahude mai ganuwar Ablaƙ a Taima, wanda mawaƙi Imru'ul Ƙais ya bar wa sulkunansa ajiya zai tafi ƙasar Rum. Aka zo da runduna a karɓi sulkunan, ya ƙi. Aka kama ɗansa a wajen ganuwa aka ce ya zaɓa, ya ƙi sakin kayan mutane, aka kashe yaron yana kallo. Har yau Larabawa suna buga misali da shi wajen cika alkawari. Na kawo shi da gangan. Aya ta 75 a Ali Imrana ta shaida cewa a cikin ma'abota Littafi akwai wanda za ka ba shi dukiya mai tarin yawa ya mayar maka, akwai kuma wanda ko dinari ɗaya sai ka tsaya a kansa. Mu da ke zaune a Kumasi tsakanin Asantawa da Kiristoci mun san haka da idonmu. Da yawa a cikinmu sun bar wa maƙwabci wanda ba Musulmi ba mabuɗin shago sun tafi Juma'a, sun dawo sun tarar da ciniki an ƙirga an ajiye.

Makka garin fatake ce. Ba noma, ba kogi, sai ayari zuwa Sham da ayari zuwa Yaman. Kuma babu banki. Mai tafiya wata biyu ko uku dole ya bar abin da ya fi ƙarfin ɗauka a hannun wani, mai dukiyar da ba zai iya tafiya ba kuma dole ya damƙa ta ga wanda zai je. A irin wannan gari ne, a kasuwa, tsakanin mutanen da suka san awo da ƙirga, aka raɗa wa Muhammadu ɗan Abdullahi (SAW) suna Al-Amin tun bai zama Annabi ba. Nana Khadija (RA) wannan labari ta ji ta ba shi dukiyarta zuwa Sham tare da yaronta Maisara, yana da shekara 25.

Da ya kai 35, wajen shekara ta 605, Ƙuraishawa suka sake ginin Ka'aba. Gini ya tafi lafiya har aka kai wurin Hajarul Aswad, sai kowace ƙabila ta ce ita za ta ɗora. Banu Abdud Dar suka kawo akushi cike da jini, su da waɗanda suka goya musu baya suka tsoma hannu, alamar sai dai a mutu. Kwana huɗu ko biyar ana haka. Sai Abu Umayya ɗan Mugira, wanda ya fi kowa shekaru a cikinsu, ya ce a bar hukunci ga wanda ya fara shigowa ta ƙofar masallaci. Da suka ga mai shigowa, sai suka ce Al-Amin ne, sun yarda. Ku duba fa, bai riga ya buɗe baki ba. Ba su san me zai yanke ba. Ganinsa kawai ya sa kowace ƙabila ta daina tsoron za a zalunce ta, kuma wannan ita ce ma'anar kalmar da muka rubuta a allo ɗazu. Sauran labarin kun san shi: mayafi, dutse a tsakiya, kowace ƙabila ta kama gefe, shi kuma ya ɗora da hannunsa.

Abin mamaki yana gaba. Shekara 13 yana kira a Makka, sun ce masa mai sihiri, sun ce mawaƙi, sun ce mahaukaci, sun ƙaurace wa danginsa har suka ci ganye. Amma ba su kwashe ajiyarsu daga gidansa ba. A daren Hijira, a 622, samarin ƙabilu suna bakin ƙofa da takubba, kayan mutanen garin kuma suna cikin ɗaki. Wani zai ce ai sun ƙwace gidaje da dukiyar Musulmin da suka yi hijira, a riƙe nasu a fanshe. Shi kuwa sai ya bar Aliyu ɗan Abu Ɗalib (RA) a baya, cikin haɗari, ya kwana uku yana bin masu ajiya ɗaya bayan ɗaya, sannan ya riske shi a Ƙuba. Jagoran da ya bi da shi da Abubakar (RA) ta hanyar gaɓar teku ma, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, yana kan addinin mutanensa a lokacin. An ba shi raƙuma biyu da sirrin da Ƙuraishawa suka sa wa ladan raƙumi ɗari, ya kawo raƙuman kogon Saur a ranar da aka yi da shi.

A Khaibar, shekara ta 7 bayan Hijira, masu sira sun kawo labarin wani baƙin makiyayi da ke kiwon tumakin wani Bayahude. Ya musulunta ana tsakiyar yaƙi, ya tambayi yadda zai yi da tumakin, tunda amana ne a hannunsa. Aka ce ya kora su su koma wa mai su, alhali mai su yana cikin ganuwar da aka kewaye. A shekara ta 8 kuma, ranar buɗe Makka, mabuɗin Ka'aba ya shigo hannun Annabi (SAW), danginsa na Banu Hashim suna son a haɗa musu shi da shayar da alhazai. Ya kira Usmanu ɗan Ɗalha ya mayar masa. Usmanun nan daga Banu Abdud Dar yake, ƙabilar akushin jini. Malaman tafsiri da yawa suna ambaton wannan a ƙarƙashin aya ta 58 a Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni da mai da amanoni ga masu su. Mabuɗin ya wuce ga ɗan'uwansa Shaiba, kuma alhazanmu sun san yana hannun zuriyar Shaiba har yanzu.

A cikin sahabbai, wanda Annabi (SAW) ya ba wannan suna shi ne Abu Ubaida ɗan Jarrah (RA), lokacin da mutanen Najran suka roƙi a haɗa su da mutum amintacce. Shekaru bayan nan, gab da yaƙin Yarmuk a 636, rundunar Musulmi ta tilasta janyewa daga Hims. Abu Yusuf da Balazuri sun kawo cewa an mayar wa Kiristocin garin harajin da aka karɓa, saboda an karɓe shi ne a kan za a tsare su, ga shi kuwa ba za a iya ba. Kuɗin da ya shiga hannun mai takobi ya fito ya koma, ba safai tarihi ke ganin haka ba.

To, yanzu ga ɗaya gefen. Halifa Haruna Rashid yana da 'ya'ya uku da ya jera a gadon mulki, kuma duk laƙabinsu daga haruffan nan uku ya ciro: Al-Amin, Al-Ma'amun, Al-Mu'utaman. A hajjin shekara ta 802 ya sa aka rubuta yarjejeniya. Al-Amin, ɗan Zubaida, zai hau halifanci a Bagadaza. Al-Ma'amun zai riƙe Khurasan, ya kuma gaji ɗan'uwansa. Aka yi rantsuwa, aka rataye takardun a cikin Ka'aba. Haruna ya rasu a 809. Ba a jima ba Al-Amin, da zugar wazirinsa Fadlu ɗan Rabi'u, ya naɗa ƙaramin ɗansa Musa magaji, ya aika aka ɗauko takardun daga Ka'aba aka yayyage. Yaƙi ya tashi tsakanin wa da ƙane. Ɗahiru ɗan Husaini ya kewaye Bagadaza fiye da shekara, unguwanni suka ƙone, a 813 aka kashe Al-Amin aka aika wa ɗan'uwansa kansa. Adalci ne in ce masu rubuta wannan tarihi sun rubuta shi bayan Al-Ma'amun ya ci nasara, kuma wanda ya faɗi ba a cika yi masa sassauci ba. Shi ma Al-Ma'amun ɗin, da ya zauna daram, sai ya tuɓe na ukunsu daga gado. Uba ya raɗa sunayen, ya rubuta, ya rataye a Ɗakin Allah, amma mutanen Bagadaza ba su sami barci ba. Wanda zai kafa hujja da wannan ya ce rubutu ba ya hana cin amana, gaskiyarsa. Sai dai takardun nan ne suka sa har yau muka san abin da aka yi alkawari da wanda ya warware.

Kalmar ta kuma zama sunan muƙami. A Fas da Tunis shugaban kowace sana'a a kasuwa amin ake ce da shi, shi ke duba awo da algus. Larabawan yau ma'ajin ƙungiya aminus sunduƙ suke kiransa, wato amintaccen akwati. Dattijonmu ke nan.

Mu shiga fiƙihu kaɗan, don a nan ne maganar wancan babban da ya tsawata wa saurayi take da gindi. Ɗaliban da suka kai babin a Risala ta Ibnu Abi Zaid sun karanta cewa mai riƙe da ajiya in ya ce ta ɓace, ana gaskata shi. In ya ce ya mayar, ana gaskata shi, sai fa in da shaidu ya karɓa. Ba ya biya sai in ya ƙetare iyaka, kamar ya taɓa ta ko ya yi sakaci. Malamai suna kiran wannan hannun amana. Akwai kuma hannun lamuni, wanda ko me ya faru sai ya biya: wanda ya ci bashi, da masu sana'a irin su tela da marini a kan kayan da suka shige da su shagonsu. Telolin Zango su ji da kyau, a mazhabar Malik in shaddar mutum ta ɓace a wurinka, kai za ka biya. Ke nan shari'a ta ba amintacce rangwame babba, maganarsa ita ce hujja.

Sai mu ga yadda manyan amintattu suka yi da wannan rangwame. Zubairu ɗan Awwam (RA), ɗaya daga cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna, mutane suna kawo masa dukiya ajiya. Buhari ya ruwaito cewa ba ya karɓa da sunan ajiya. Sai ya ce a mai da ita rance a kansa, don yana tsoron ta salwanta. Kun gane abin da ya yi? In ajiya ce ta ɓace ba da laifinsa ba, mai ita ya yi asara, ba mai ce wa Zubairu komai. In rance ne, ko gobara ce ta cinye, sai ya biya. Shari'a ta sa shi a hannun amana, shi ya ɗauki kansa ya koma hannun lamuni, don mai dukiya ya ƙara samun natsuwa. Gaskiya ne hakan ya halatta masa juya kuɗin, amma duk haɗarin ya koma wuyansa.

A ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya tsaya kusa da shi. Ya gaya masa yana jin yau za a kashe shi, kuma abin da ya fi damunsa shi ne bashin nan. Aka kashe shi kuwa. Bai bar dinari ko dirhami ba, sai filaye da gidaje: 11 a Madina, biyu a Basra, ɗaya a Kufa, ɗaya a Masar, da wani fili a wajen Madina da ake kira Gaba. Abdullahi ya zauna ya yi lissafi, bashi ya kama 2,200,000 na kuɗin wancan zamani. Hakimu ɗan Hizam da ya ji adadin sai ya ce ba ya jin za su iya, in sun gaza su neme shi. Abdullahi ɗan Ja'afar, wanda ke bin 400,000, ya ce in suna so ya yafe. Ɗan Zubairu ya ƙi. Ya ce to a sa shi a ƙarshen layi, nan ma ya ƙi, sai da ya yanka masa fili. Gaba ɗin nan Zubairu ya saye ta 170,000, ɗansa ya kasa ta kashi 16 ya sayar a kan 1,600,000. Aka biya duk wanda aka sani.

Magada suka ce to a raba mana gado. Abdullahi ya rantse ba zai raba ba sai ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin hajji, duk mai bin Zubairu ya zo a biya shi. Shekara huɗu matan uba da 'yan'uwa suna jira. Babu alƙalin da ya sa shi. Babu wanda ya tuhumi Zubairu, wa ma zai iya? Duk da haka ɗansa ya tsaya a taron da ya fi kowane taro girma yana kiran mutane su zo a yi lissafi. Duk sa'ad da na karantar da wannan hadisi sai in ji kunya ta kama ni, kuma zan faɗi dalili a ƙarshe.

Annabi (SAW) da kansa ya yi wa ma'aikacinsa lissafi. Ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo aka zauna aka ƙirga, har mutumin ya ware wani abu ya ce wannan kyauta aka ba shi. Annabi ya hau mumbari ya yi magana a kai, yana tambaya ko da ya zauna a gidan iyayensa kyautar za ta iske shi. Sahabi ne fa. Sannan ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take, ƙarami ko babba, kuma mutanen Madina aka fara yi wa magana da ita, waɗanda ba mu kai ƙurar ƙafarsu ba. A cikin dalilan da ayar ta bayar akwai kore kokwanto. Ayar da ke bin ta kuma ta yi maganar wanda aka amince wa ba tare da jingina ba, ta ce ya mayar da amanarsa. Suna jere, ba su yi faɗa ba.

Mu dawo gida. Kakanninmu da suka kafa zangunan ƙasar nan fataken goro ne. Ayari yana tasowa daga Kano ko Katsina ko Jega, da madugu a gaba, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu, ya biyo ta Sansanin Mango da Yandi ya sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Watanni ake yi a hanya. Jarin da ke kan jakan nan ba na mai kora su kaɗai ba ne, akwai na 'yan'uwa da na attajiran da suka zauna a gida, har da na matan kulle da suka ba da sautu. In baƙo ya sauka, maigida ne ke ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an sayi kayansa bashi. Da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874 Salaga ta fita daga hannun Asante, ciniki ya fara karkata zuwa Kintampo da Atebubu da Kete Krachi, yaƙin basasar 1892 kuma ya watse garin. Amma tsarin maigida ya bi mutane duk inda suka koma. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta rubuta a 1966 yadda ta same shi a kasuwar shanu ta nan Kumasi: baƙo ya kawo shanu daga arewa, mahauta su ɗauka bashi, maigida ne ke tsaye a tsakani. Baƙon bai san mahaucin ba, maigida ya sani. Abin da Zubairu ya yi ke nan, amana da ta ɗora wa kanta lamuni. Maigidan da ya bari kuɗin baƙo ya nutse, labari zai riga shi isa arewa, baɗi ba mai sauka gidansa.

Ba zan yi wa kakanni kwalliyar da ba tasu ba. Salagar nan da ake riƙon amanar goro da turkuɗi, a cikinta ake sayar da 'yan Adam, kuma jikokin waɗanda aka sayar muna sahu ɗaya da su a yau. Mutum yana iya tsare kwabon abokin cinikinsa ya kuma zama abin tsoro ga wani bawan Allah. A ma'aunin da muka ɗauko daga Suratut Tin, irin wannan aminci guntu ne.

Kuma masu cewa mutanen da da baki kawai suke ciniki, su tambayi tarihi. Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano, ɗan fatake, wanda ya rasu a 1934, tun yana saurayi wajen 1877 ya wallafa littafi na koyar da rubuta wasiƙu da Larabci. Ba a rubuta irin wannan littafi sai in akwai masu bukatarsa. Ayari yana tafe da malaminsa, malamin kuma alƙalami ne da tawada a jakarsa, ban da addu'a.

Saurayin da ya yi tambaya kuwa, ku tuna zamanin da ya tashi a ciki. A watan Mayun 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da ba da rance guda 347 a rana ɗaya. Akwai gidaje a Zangon nan da kuɗin susu na uwa, ko jarin uba, ya maƙale a irin waɗannan wurare. Yaran da suka ga iyayensu suna kuka a bakin ƙofar da aka garƙame, tsoro ya riga ya zauna musu. In amin shi ne mai kawar da tsoro daga zuciyar mai dukiya, to tsoron yaran nan aikinsa ne ya kawar, kuma littafi ɗaya na sidi kaɗan ya isa. Su ma samari akwai nasu: tambayar lissafi daban, jifa da zato daban, kuma shari'a ta riga ta ce maganar mai riƙon amana abin gaskatawa ce har sai an ga saɓaninta.

Ga kunyar da na ce zan faɗa. Shekaru ina karɓar ajiyar mutane saboda limanci: kuɗin hajji da ake tarawa kaɗan-kaɗan, takardun fili, kason marayu, har da sarƙar wata baiwar Allah da ba ta so mijinta ya san da ita. Duk a kaina suke, ban rubuta ko ɗaya ba, ina jin ai na sani. Bara hawan jini ya kwantar da ni mako biyu, kwana uku a ciki ban san wanda ke kaina ba. Da na farfaɗo, abin da ya fara zo mini shi ne, da na wuce, iyalina za su buɗe akwati su ga ƙulle-ƙulle ba suna, ba adadi. Wa za su ba? Wa za su hana? Kuma masu kayan da yawansu ba su da shaida, don sun amince da ni ne. Ni da ke karantar da hadisin Zubairu.

Na je gidan dattijonmu a makon jiya na ba shi wannan labari nawa, ban ƙara masa da komai ba. Ya yi shiru, sannan ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar jaka cike da rasit, tun na buhunan siminti na farko. Ashe yana ajiye su, ba a dai taɓa tambayarsa da fuskar da zai ji daɗin fito da su ba. Ya ce ranar Lahadin farko ta watan gobe, bayan La'asar, shi da kansa zai gabatar da lissafin kwanon, amma idonsa ya yi rauni, saboda haka saurayin nan ne zai zauna kusa da shi ya karanta.

Ni kuma na rubuta nawa a littafi, kwafi ɗaya yana wurina, ɗaya a rufe yana wurin na'ibi. Duk wanda ya san yana da ajiya a hannuna, namiji ko mace, ya same ni a makaranta bayan sallar Asuba, ko ta aiko wanda ta yarda da shi, a duba suna da adadi. Wanda ya ga na rage masa ko na manta da shi, don Allah ya faɗa mini tun ina da rai.